Tagwayen Kalmomin Baba

Da kwalayen takalmi uku a rungume ta shigo maɗaba'ar, ƙarar inji ta haɗiye sallamarta. Shi ya fara ɗago kai. Ya kashe injin, ya murza hannunsa a tsumma, tawadar ta ce ba inda za ta.

"Malama, nan takarda muke bugawa. Mai gyaran takalmi yana gaba."

"Na gani," ta ce, idonta a kan yatsunsa. "Mai sayar da sabulu ne dai bai san hanyar nan ba."

Dariya ta ƙwace masa, ya jawo mata kujera.

Katuna ne cike da kwalayen, an ɗaure su da roba. Kowane kati kalmomin Turanci biyu ne masu kama kamar an tsaga kara, a ƙasa ga ma'anar kowacce da Hausa. Aikin Babanta ne, tsohon malamin Turanci, shekara talatin yana tara su. Tagwaye yake ce musu. Yanzu ido ya yi rauni, burinsa ya ga sun zama littafi tun yana iya gani.

Ta zaro kati ɗaya. "Ka ga wannan? Desert, hamada. Dessert, kayan zaƙi na bayan abinci."

"A ba ni mai tsawon."

"Da ganinka dama kwaɗayayye ne."

Tun ranar ya sa mata Jan Biro, don malamar makaranta ce, jan biro ba ya barin jakarta. Ita kuma ta sa masa Mai Tawada. Tambayar irin takarda ta koma tambayar lafiya, tambayar lafiya ta koma abin da ya fi haka.

"Jan Birona, yau na buga kalanda dubu, duk ranar da na duba sai in ga ta dace da zuwa gidanku."

"Mai Tawada, na duba saƙonka, babu kuskure ko ɗaya. Goma bisa goma. Ka turo manya."

Manya suka zo, suka koma jiki a sanyaye.

"Wanda ko sakandare bai gama ba?" in ji Baba. "Gidan nan gidan karatu ne. Ga ɗan aminina ya dawo da digiri biyu, shi na yi wa sha'awarki."

"Baba, wallahi yana da hankali."

"Hankali daban, ilimi daban. Kar ki haɗa mini tagwaye."

Mai Digiri, kamar yadda unguwa ke kiransa, bai yi wata-wata ba. Ya kwashe kwalayen ya ce shi zai shigar da su kwamfuta. Baba ya ce idan ya gama su zauna su yi karatun mutum biyu irin na da: ɗaya ya riƙe kati yana faɗin haruffa ɗaya bayan ɗaya, ɗayan yana bi da rula a kan shafi.

"Haba Baba, an wuce wannan zamanin. Kwamfuta da kanta take gyara."

Kwana huɗu ya gama. Ya kai wa Mai Tawada aikin, ya bar masa kwalayen wofi, katunan kuma a watse cikin leda, babu roba babu tsari. Tsofaffin ɗaliban Baba kuwa har sun kama zauren taro, sun sa ranar ƙaddamar da littafi.

Mako ya wuce, Mai Tawada bai buga ko shafi ɗaya ba.

"Kishi ne," in ji Mai Digiri, yana karkaɗa makullin mota a falon Baba. "An hana shi yarinya, shi ne ya riƙe aikin don a ji kunya."

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Mai Tawada:

"Idan fushi kake, ka yi da ni. Littafin nan shi ne ran Baba. Ban zaci haka daga gare ka ba."

Amsa ta zo nan take:

"Jan Birona, ba na aibata mutum sai da shaida a hannu. Ki ce wa Baba ina tafe Asabar da hantsi."

Ya zo ɗauke da kwalayen uku, katunan sun koma jerinsu, kowane ɗauri da sabuwar roba. Ya durƙusa ya gaida Baba, aka amsa masa a daƙile. Ya shimfiɗa shafukan gwaji a kan darduma, ya ɗora rular ƙarfe a kai.

"Baba, ni ban san ma'anar kalmomin nan ba. Amma wanda ya koya mini aiki ya hana ni buga abin da ban haɗa da asalinsa ba. Ranar da aka fara kawo katunan na ga tagwayen ba sa zama tsawo ɗaya. A shafin nan kuwa na auna, sai na ga sun zo daidai. Shi ne na bi su kati-kati. Wuri sittin da uku, tagwayen sun koma mutum ɗaya."

Mai Digiri da ke zaune a gefe ya leƙo shafin. Baba ya juya wajen 'yarsa. "Karanta mini inda ya sa rula. Harafi-harafi."

Ta karanta ta farko: lose. Ta karanta ta biyu, haruffan nan huɗu dai suka sake fitowa.

"Ina loose ɗina?" Muryar Baba ta canza. "Ɗaya asara, ɗaya sako-sako. Ni na rubuta katin nan ranar da aka haife ki."

"Baba, kwamfutar ce ta..." in ji Mai Digiri.

"Kwamfutar ce za ta tsaya gaban ɗalibaina ranar taro, ko ni?"

Mai Digiri ya tuna yana da wani uzuri. Ba wanda ya raka shi.

Baba ya daɗe yana shafa katin. Can ya ce, "Samari, yaya aka yi ka gani, mai digiri biyu bai gani ba?"

"Shi yana karanta abin da ya san ya kamata ya kasance ne, Baba. Ni da ban sani ba, dole in kalli abin da ke kan takardar."

Dattijon ya yi dariya har da tari. "Shekara talatin ina gargaɗin mutane cewa kama da wane ba ta wane, ga shi ni ta ci ni. Matso nan. Ka iya riƙe rula?"

Kwana tara suka yi a falon nan daga la'asar zuwa magariba. Jan Biro tana faɗin haruffa daga kati, Mai Tawada yana bi da rula, Baba yana kishingiɗe yana cafke su da ka. Rana ta tara, da aka rufe kwali na ƙarshe, Baba ya ce, "Ka ce wa manyanka su dawo. Wannan karon su zo da fara'arsu."

Littafin ya fito saura kwana biyu taro, zauren ya cika har waje. Wata ɗaya bayan nan aka ɗaura aure. Baba ya dafa kawunansu, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, idan da hali a fara da tagwaye.

Suna fitowa ango ya kama hannun amarya. Ta duba tafinta, ta ga ɗan baƙi-baƙi.

"Yau ma ba ka samu sabulun ba?"

"Na samu," ya ce. "Hatimi na buga, kar a haɗa mini ke da mai kama da ke."