Kafinta da Igiyar Jirginsa

A wani gari can bayan duwatsu, an yi wani tsohon kafinta da ya ƙera ƙaton jirgin wasa marar inji. Sai an ja shi da igiya yake tashi, rimot kuma ke kwance masa igiyar a sama.

Kullum jikarsa ta naɗe igiyar da wilin keke, jirgi ya ɗaga. Kullum ta ce, "Kaka, danna rimot ka sake shi!" Kullum ya ce, "In ya tafi fa?" Sai igiyar ta fizgo jirgin ƙasa.

Ran nan fiffikensa ya tsage. Jikar ta ce, "Haba angona, wata faɗuwar kuma sai murhu."

Aka gyara fiffike, jirgi ya sake ɗagawa. A wannan karon tsoho ya danna rimot. Igiya ta faɗo, jirgi ya yi ta ƙanƙancewa cikin gajimare.

"Kaka, zai dawo?"

"Yi shiru, amarya. Ina kallo."