Bokitin Bayan Kicin

Ranar da ta fara ganinsa, kansa na cikin bokitin sharar kicinsu, yana shinshinawa kamar mai zaɓen turare.

A gidan abincin da take aiki Shiru ake kiranta, don sai ta wuni tana feren dankali ba a ji muryarta ba. Amma ranar bakinta ya riga ta.

"Malam, lafiya kuwa?"

Ya ɗago da ɓawon ayaba a hannu, ya yi murmushi. "Lafiya lau. Uwar ɗakinki ce ta ce in riƙa kwashewa. Taki nake yi da shi."

Ta koma ciki da mamaki. Ta san takin dabbobi, ta san na buhu, amma ɓawon ayaba?

Washegari ta laɓe a taga. Ta ga yana tsince leda da ƙashi da duk abin da ya sha mai, sannan ya juye sauran a amalankensa. Daga ranar ta karɓi tsintar. Ɓawo da ganye a bokiti guda, ɓawon ƙwai a gwangwani daban, ba ta ce masa komai ba.

Ba a jima ba uwar ɗakinta ta dube ta ta ce, "Mai Taki ya roƙi lambarki. Na ba shi, don in ke za a jira sai a shekara."

Da yamma saƙo ya shigo.

"Salam. Bokitin nan ya fi falon wasu tsabta. Wa zan yi wa godiya?"

Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa. Daga ƙarshe ta tura: "Me ya sa ba ka son ƙashi?"

"Yana kawo ɓera da wari. Ba ki amsa mini ba."

"Ɓawon ƙwan fa, me kake yi da shi?"

"Dakawa nake in haɗa da garin gawayi. Gawayin yana riƙe wa ƙasa ruwa. Ke kullum da tambaya kike amsa tambaya?"

"Laifi ne?"

"Wallahi a'a. Ki yi ta yi har mu tsufa."

Ta kife wayar a cinya ta rufe fuska.

Wata safiya ya dawo da bokitin a wanke, da ɗan tsiro mai ganye biyu a ciki, tsaye cikin baƙar ƙasa mai laushi.

"Da kansa ya fito a gefen tarin," in ji shi. "Irin daga bokitinki ya zo. Ni dai na ce kabewa ce."

"Kankana ce," ta faɗa a hankali, idonta a ƙasa.

"To raine shi mu gani, Tsirona."

Ta dasa shi da ƙasarsa a bayan gidansu, kusa da barkonon da Babanta yake ji da shi.

Baba mai gasa burodi ne, mutum mai tsabta har da fitina. Da ya ji labarin, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Mai bin bola? Ga ɗan mai sayar mini da fulawa yana ta zarya, yaro sai ƙamshi, ke kuma sai wanda ƙudaje ke wa rakiya?"

"Baba, ba bola ba ce, ai..."

Tunda baki ya ƙi, sai ta ce bari ta nuna masa a aikace. Ta kwaso ɗanyen ɓawo da ragowar ganye daga kicin, ta jibge a gindin barkonon ta rufe da ƙasa. A ranta, kwana kaɗan barkono zai yi ɓul-ɓul.

Wari ne ya fara zuwa, ƙudaje suka biyo, sannan barkonon ya yi rawaya ya langaɓe. Tsironta kaɗai ya yi kore shar.

"Abin da yake koya miki ke nan?" in ji Baba. "Kar in sake jin maganarsa."

Kunya ta hana ta gaya wa Mai Taki ɓarnar da ta yi. Ta daina amsa saƙo. Shi kuwa da ya hango motar ɗan mai fulawa a ƙofar gidansu, sai ya rubuto:

"Tsirona, in kin zaɓi mai ƙamshi ne, Allah ya sanya alheri. Ki dai gaya mini in tsiron ya yi fure."

Ta karanta tana hawaye a gaban Baba. Ya miƙe tsaye. "Ɗauko mayafinki. A gabanki zan ja masa kunne."

Suka same shi a lambunsa yana juya wani tari da shebur. Ya durƙusa ya gaishe da Baba. Kafin Baba ya buɗe baki, Shiru ta ji muryarta ta fito da ƙarfi.

"Ni na zuba ɓawo a gindin barkonon ya lalace, Baba. Bai sani ba. Kuma ni shi nake so."

Duka biyun suka juyo suna kallonta.

"Ɗanye kika zuba?" Mai Taki ya dafe kai. "Ayya, Tsirona! Ai sai ya nuna tukuna."

"Ya nuna?" Baba ya haɗe gira. "Shara ce ke nuna?"

"Baba, don Allah sa hannu a nan."

Da ƙyar Baba ya naɗe hannun riga ya cusa yatsu cikin tarin. Ya zare da sauri.

"Kai! Ina wutar?"

"Babu wuta, Baba. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke cin ɓawon, su ke kawo ɗumin. Nawa dai in haɗa ɗanye da busasshen ganye, in yayyafa ruwa, in juya, in jira."

Baba ya sake mayar da hannun, a hankali wannan karon.

"Kamar yis a kwaɓi," ya ce. "In ka gasa bai tashi ba, ka yi asarar fulawa." Ya ɗebo na tarin da ya nuna ya kai hanci. Ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama ne. "To in ya yi ruwa da yawa fa? In kuma ya bushe?"

Mai Taki ya dubi Shiru yana danne dariya. Yanzu ya gane inda ta gado tambaya.

Ranar ba a ja kunnen kowa ba. Baba ya koma gida da buhun taki da ƙullin garin gawayi, yana tafe yana tambaya.

Sabon barkononsa na fure aka sa rana. Tsiron kuwa ya yaɗu har ya hau katanga, ya yi 'ya'ya dogaye kore. Ba kabewa ba, ba kankana ba. Kokwamba ce.

Bayan an ɗaura aure, Baba ya tsinko ta farko ya raba biyu, ya miƙa wa ango da amarya.

"Dukanku kun faɗi," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙurin jiran abu har ya nuna."

"Amin, Baba," in ji Mai Taki.

Amarya ta juya rabinta a hannu, ta raɗa wa angonta, "'Ya'yan nan na ciki, in mun shuka za su fito?"