Cikon Da Ya Ƙi Zama

Auta na tura ƙofar ɗakin Likita ta tsaya cak. Mai kitson nan ce dai, kwance kan kujerar duba haƙori, sai ƙamshi take zubawa, shi kuma ya duƙa yana haska mata shuɗiyar fitilar busar da cikon haƙori.

Karo na uku a wata guda!

"Masoyiya, yaushe kika..."

"Kar ka masoyiya ni!"

Kishi ya riga ya rufe mata ido. Saura sati biyar bikinsu, ga Ummanta kullum cikin mita, wai mijin da ke wuni a bakin mata ba miji ba ne. Mai kitson kuwa ɗiyar aminiyar mahaifiyarsa ce, wadda aka so ya aura.

Auta ta ƙwanƙwasa haƙorinta na gaba da farce.

"Shekara biyu da ka cike min wannan. Tela ce ni, da shi nake yanke zare, kana faɗa ina yi, ko gezau! Nata kuma kwana goma ya faɗi? Da gangan kake yi mata aikin banza don ta dawo. In haka ne na fasa!"

Mai kitso ta yi wani fari. "Ayya ƙanwata, hannunsa ne da laushi..."

Likita ya sauke ƙyallen hancinsa, ransa a ɓace.

"Auta, ki ce ina kallon mata, zan haƙura. Amma aikina? Haba!"

Ya miƙo mata ɗan faranti da guntun farin ciko a kai.

"Dubi gefen nan. Cikon da ya gaji tsagewa yake yi. Wannan ƙarfe aka sa aka ɓamɓare shi, ga shaidar har uku."

Idon Auta ya sauka kan tsinken ƙarfen da ya leƙo daga jakar mai kitso. Baiwar Allah ta yi wuf ta ja zif, amma ina, aikin gama ya gama.

"Tun jiya na roƙi babban likita ya karɓe ta," in ji shi. "Yau ma don bai iso da wuri ba ne."

Sai ga babban likitan, wani tsoho, ya shigo yana jan ƙafa, tabarau a ƙarshen hanci. "Ina mai haƙorin? Buɗe baki, ƴata, ni zan sake cikon."

Kunya ta kama Auta kamar ta nutse. Ta bi Likita waje tana wasa da bakin mayafi.

"Nawa... ka yi haƙuri."

"Kin fasa ɗin?"

"Ni? In bar wa wa?"

Ya kasa riƙe dariya.

Aka sha biki, har Umma ta taka rawa. Cikon da tsoho ya yi wa mai kitso kuwa, shekara uku ke nan bai taɓa faɗuwa ba.