Sa Ɗaya, Masu Shi Uku

Ranar Juma'a bayan la'asar Malam Sammani ya shigo ofishin 'yan sanda na Minjibir da igiya a hannu. Manomi ne daga wani ƙauye a bayan gari, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ƙi zama a bencin da aka nuna masa.

"An ɗauke mini sa, ranka ya daɗe. Ɗaya daga cikin shanun huɗata. Na tafi masallaci suna biyu, na dawo na tarar da ɗaya."

Sufeto Ikrima ya ajiye biro. "Kana zargin wani?"

"Ina zargin duniya duka. Ruwa ya sauka, kowa yana huɗar gyaɗa. Sa ɗaya ba ya jan garma. In ƙasar nan ta bushe ban yi huɗa ba, me zan ba iyalina bana?"

Sufeto ya karɓi igiyar ya jujjuya. Ba a yanke ta ba. Kwance ta aka yi. Ya ɗauki hularsa ya ce da Kofur Kamaruddeen ya tayar da mota.

A ƙofar gidan turaku biyu ne a ƙarƙashin darbejiya. A ɗaya wani gajeren sa yana tsaye, ya ƙi taɓa harawar da ke gabansa. Ɗayan babu komai sai kashi da sawu. Sufeto ya bi sawun a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kofato a jere, babu alamar turjiya, har bakin hanya inda tayar a-kori-kura ta tsaya ta juya.

"San naka yana da sauƙin kai?"

"Mai Tabo? Ko maƙwabcina ba ya iya matsawa kusa da shi. Ya taɓa ɗaga wani dillali sama."

"Su wa yake yarda da su?"

"Ni, da matata Kulu, da ɗan ƙanena Jamil. Ni na riƙe shi tun rasuwar ubansa, ni na kai shi har kwaleji."

Jamil ya fito daga zaure, saurayi mai tsabta, waya a hannu. Ya gaida Sufeto da Turanci. Ya ce shi a garin Minjibir ya yi sallar Juma'a, bai dawo ba sai da ya ji labari.

Kulu ta yi magana daga bayan ƙyaure. Tana ciki tana daka lokacin, ba ta ji kukan sa ba ko sau ɗaya.

"Ko wani baƙo ya zo kallonsa kwanan nan, Inna?"

"Babu baƙo. Tun wankan da Jamil ya yi masa da bazara babu wanda ya kula shi sai mu. Ya wanke shi da sabulu, ya shafa masa mai a ƙaho, ya yi ta ɗaukarsa hoto. Ya zagaya nan, ya zagaya can. Na ce ango za a kai?"

"Wasa ne kawai, yallaɓai," in ji Jamil. Bai ɗago kai daga wayar ba.

Washegari da hantsi wata mata ta faɗo ofis tana faɗa tun daga bakin ƙofa. Hajiya Aina'u ce, mai sayar da man gyaɗa a kasuwa.

"Na ji an sace sa a gidan Sammani. Ina so in san ko nawa ne."

"Kina da sa a can, Hajiya?"

"Kiwo na bayar. Yadda kowa ke yi. Ka sayi dabba, ka bar ta hannun na ƙauye, ya ci wahalarta, in an sayar a raba riba. Na sha yi, ban taɓa zuwa leƙa turke ba. Ana leƙa amana?"

"Wa ya sayar miki?"

"Yaron gidan, Jamil. Ya ce kiwon zamani ne, NFT. Ya ce yanzu ba a shaida da baki, a waya ake sa wa, kuma babu mai irin nawa a duk duniya."

Ta miƙa wayar. Hoton farin sa ne yana kallon hagu, ƙaho yana ƙyalli, a ƙarƙashin darbejiya. A ƙasa akwai dogon layin lambobi da haruffa.

"Wanda aka sace yana da baƙin tabo," in ji Sufeto.

Hajiya ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Ba nawa ba ne. Na Alhaji Shafi'i ne, mahaucin Zakirai. Shi ya fara saya, shi ya nuna mini hanyar. Nasa ne mai tabo."

Sufeto ya ƙara kallon hoton. Shanu biyu ne kaɗai a gidan Sammani, ɗaya kuwa gajere ne. Wannan na hoton dogo ne. Ya roƙe ta ta jira shi a ofis.

Suka biya ƙauyen suka ɗauki Sammani, suka nufi Zakirai. Alhaji Shafi'i yana zaune a rumfarsa yana kora ƙuda daga kan nama. Da ya ga kaki sai murmushinsa ya yi yawa.

"Jamil? Ban san shi ba, yallaɓai. Ni daga kara, kasuwar shanu, nake sayen dabbobina."

"Jiya ka je wajen Minjibir da a-kori-kura?"

"Jiya Juma'a, ina gida."

Sammani bai tsaya sauraro ba. Ya zagaya bayan rumfar, inda ake shanya fatu. Suka ji shiru, sannan suka ji ya kira sunan Allah a hankali.

Fata ce sabuwa, an kafe ta a ƙasa da tsinkaye, an baɗe ta da gishiri a gefe-gefe. Sufeto ya sa aka juya ta. Rabinta na hagu fari tas. Rabinta na dama da baƙin tabo kamar faifai.

Sammani ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a kan tabon. Ya miƙe ya juya ga Alhaji.

"Ka yanka shi. San huɗa, a tsakiyar damina, ka yanka shi ka rataye."

"Nawa ne na yanka," in ji Alhaji, muryarsa ta tashi. Ya zaro waya daga aljihu. "Ga shaidata. Na saya tun bazara. Yaron ya ce in na so zan sayar da shi a waya ba sai na ga san ba, farashi kullum hawa yake. Na sa a kasuwar tasu, babu wanda ya taya. Ko sisi. Na ce to, ba ni sana in yanka, ai nama ba ya rasa mai saye. Shi ya ce in zo lokacin sallah, shi ya kwanto shi, shi ya hau da shi mota."

"Me ya sa ka ce ba ka san shi ba?"

"Da na ga kaki na gane an cuce ni. Wa ke son a ce ya karɓi kayan sata?"

Hoton da ke wayarsa sa ne yana kallon dama, da baƙin tabo, a ƙarƙashin darbejiyar nan dai.

Da azahar duk suna ofis, har da Jamil da aka ɗauko daga gida. An shimfiɗa fatar a tsakar ɗaki, wayoyin biyu a kan tebur. Jamil ya kalli fatar sau ɗaya ya kawar da kai.

"A wane sahu ka yi sallah jiya?" Sufeto ya tambaya.

"Yallaɓai, mu bar wannan. Ni ban sayar wa kowa sa ba. NFT na sayar. Su ne ba su gane ba."

"To ganar da ni."

Jamil ya gyara zama, kamar an zo wajen da ya fi kowa. "Lamba ce da ake ajiyewa a intanet, inda ba mai iya gogewa ko canzawa. Tana nuna cewa wannan hoton, wane ne mai shi. Kowace lamba ita kaɗai ce, babu irinta. Ta Hajiya daban, ta Alhaji daban. Ban yi ƙarya ba."

Sufeto ya ɗauki wayar Hajiya, ya ɗauki hoton san da ke kanta da tasa wayar, ya juya wa Jamil.

"Ga shi ni ma ina da hoton. Me Hajiya ta fi ni da shi?"

"Lambar tata ce."

"Lambar ta hana ni kallo? Ta hana ni aika wa wani?"

"A'a."

"Ta ba ta iko a kan san?"

"A'a."

"To me take ba ta?"

"Darajarta tana nan in wani ya so saye."

"In babu mai so fa?"

Hajiya Aina'u ce ta amsa, ta miƙe tsaye tana nuna Jamil da yatsa.

"Ɗan nan, ka zauna a tabarmata ka ci ƙuli-ƙulina. Na tambaye ka wa zai riƙa ba shi dusa, ka ce Baba Sammani. Hoto yana cin dusa? Ashe gefe ɗaya ka sayar mini, gefe ɗaya ka sayar wa Alhaji, tsakiyar kuma ta mai ita."

"Kalmar kiwo ta fito daga bakinka?" Sufeto ya tambaya.

"Da ban ce kiwo ba, ba za su saya ba. Na sa hotunan a intanet tun farko, babu wanda ya kalla. Na ga wasu a ƙasashen waje sun yi arziki da zanen biri. Na ce namu ai ya fi kyau." "Alhaji ya ce zai zo gida ya faɗa wa Baba. Na ɗauka in na ba shi san, zan samu in sayi wani kafin a gama huɗa."

"Kai ka kwance shi?"

"Ni ne."

Sufeto ya ce Alhaji zai tsaya ya yi bayani a rubuce, naman da ya rage kuma ba za a taɓa shi ba sai kotu ta yi magana. Alhaji ya fara musu, ya kalli fatar, ya fasa.

Sammani yana tsaye jikin bango da igiyar a hannu. Jamil ya juya gare shi.

"Baba, ka saurare ni. Akwai na uku, wanda na ɗauka ta gaba, fuskarsa. Ban sayar wa kowa ba. Zan mayar da shi sunanka. Yanzu da san ya mutu ba za a ƙara ɗaukar wani ba, zai iya yin tsada."

Sammani ya tako a hankali. Kofur ya matso, amma tsohon bai ɗaga hannu ba. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon fuskar san, da asirkar da shi da kansa ya zura masa a hanci.

"Da hannunka yake cin dusa," ya ce. "Shi ya sa ya bi ka bai yi kuka ba."

Ya ajiye wayar a kan fatar, a daidai tabon.

"Gobe da asuba ka kawo hoton gona. A ɗaura masa karkiya kusa da Gajere, mu ga kunya nawa zai tayar."

Sufeto ya ɗaga wa Kofur kai. Aka sa wa Jamil ankwa, aka bi da shi ta ƙofar baya. Ya waiwayo sau biyu. Baffansa bai kalle shi ba, yana naɗe igiyar a hannu.

A waje rana ta buɗe, ƙasa ta fara yin fari a kan kunyoyin mutane.