Kofi na Biyu a Gindin Tsamiya

"Amsa ɗaya nake so, Lamduan. In na mutu, wa zai zuba mini ruwa?"

"Haba Inna... wace irin magana ce wannan da sassafe?"

"Irin wadda kika ji. Amsa mini."

Na sunkuyar da kai ina cusa shinkafa mai danƙo cikin ɗan kwando.

A ƙauyenmu na bakin kogin Mekong, kowace safiya sufaye, wato malaman addininmu na gado, kan fito daga haikali ba takalmi, mu zuba musu shinkafa a kwanukansu. Daga nan Inna ta tsiyaya ruwa a gindin tsamiyarmu tana kiran sunan Baba, don ladan sadakar ya isa gare shi, ni kuma ina riƙe da gwiwar hannunta. Tun rasuwarsa haka muke yi. Ni kaɗai Inna ta haifa, shi ya sa tambayarta ba ta wasa ba ce.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne, tun da maganar aurena da Thawin ta taso, Inna ta soma fitowa da kofi biyu. Na farko na Baba ne. Na biyun kuwa sai ta yi ƙasa da murya, ba na jin sunan da take kira. Zuciyata ta gama yanke hukunci: ni take zuba wa, ta riga ta sa ni cikin matattu.

Thawin Kirista ne. Cocinsu na cikin gari ya turo shi yana koya wa yaran ƙauye Turanci kowace Asabar, a wata rumfa kusa da kasuwa. In an gama darasi ya ba su labarin Yesu, su rera waƙa, su ci abinci. Ni ce mai dafa abincin. Na je ne don girki kawai, amma mutumin da zai tsuguna ya share wa ɗan wani majina da gefen rigarsa, ya kake so in yi da zuciyata?

Ranar Asabar, da yara suka watse, na same shi yana goge allon da tuni ya yi fes.

"Malam, za ka huda allon nan."

Bai yi dariya ba. "Na ga Fasto."

"To?"

"Ya ce sai an yi miki baftisma kin zama Kirista kafin ya ɗaura mana aure. Kuma bayan nan... ba sauran zuba ruwa."

"Kai fa me ka ce?"

"Ban ce komai ba."

"Kai da ke cika rumfar nan da surutu, yau kuma bakin ya mutu?"

"Masoyiyata, ki fahimce ni. Ba zan tilasta miki ba. Amma abin da na yi imani da shi, da gaske na yi imani da shi."

"Ni kuma Innata wasa ce?"

"Ban ce ba."

"To me ka ce? Kullum ba ka ce ba!"

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. "Ke me kike so, Lamduan?"

Ina son labaran da yake ba yara, har nakan tsaya da ludayi a hannu ina saurare. Ina son ƙamshin turaren haikali da na tashi a cikinsa. Wata safiya na kama kaina ina riƙe da hannun Inna, a zuci kuma waƙar coci nake rerawa, na rasa wa ma zan ba haƙuri. Ranar dai na kwashi tukwanena na tafi ko sallama ban yi masa ba, ina kuka har gida.

Washegari, sufaye sun wuce ke nan, muka ji ƙarar babur. Thawin ne, sanye da farar rigarsa ta zuwa coci. Ya haɗa tafukan hannunsa ya rusuna wa Inna.

"Na zo mu yi magana, Inna."

"Tsaya tukuna, ɗana. Matattu sun riga ka layi."

Ta tsiyaya kofin farko, ta kira sunan Baba. Da ta miƙa hannu ga na biyun, a gabansa, sai abin ya zo mini wuya. Na saki hannunta.

"Inna, ban fa mutu ba!"

Ta juyo baki buɗe. "Wa ya ce kin mutu?"

"Wannan kofin... ba nawa ba ne? Don zan auri Kirista?"

"Ji mini shashasha. Ke da kike cinye kwaɗon gwanda kwano guda, wane ruwa kike buƙata? Na Buala ne."

Thawin ya ɗago kai da sauri. Sunan mahaifiyarsa ke nan.

"Ranar da ka fara cin abinci a gidan nan na tambaye ka ɗan wane ne kai," in ji Inna. "Ka ce uwarka ta rasu kana ƙarami. Na ce wa ke zuba mata ruwa, ka ce ba kowa. Ranar ko abinci kasa ci na yi. Mace ta haifi ɗa kamar kai, a bar ta shekara da shekaru da ƙishi?"

"Inna... mu a wurinmu tana gun Allah. Ba ta rasa komai ba."

"To madalla. In ba ta buƙata, tsamiya ta sha. Me aka yi asara?"

Ta tsiyaya ruwan a hankali, wannan karon da ƙarfi ta kira sunan.

"Na manta rabon da in ji wani ya kira sunanta," in ji Thawin, hawaye na sauka kan farar rigar.

Inna ta ajiye kofin. "Yanzu faɗi abin da ya kawo ka."

"Na zo ne in ce na haƙura da Lamduan, don kada in raba ku." Ya share fuska. "Amma ba zan iya ba. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, Inna, hannuna ba zai taɓa zuba ruwan nan ba. Sai dai ba zan hana ta ba, har abada. Ɗebo ruwan kuwa, daga yau aikina ne."

"Faston naka fa?"

"Zai yi fushi."

Ya kuwa yi. Bai ɗaura mana aure a coci ba, sai da aka yi ta kai-kawo ma kafin ya bar wa Thawin ajinsa. A tsakar gidanmu aka yi bikin, tsofaffi suka ɗaura mana farin zare a wuyan hannu, yaran rumfa suka rera waƙar Turanci wadda Inna ba ta gane ko kalma ɗaya ba, amma ta fi kowa tafi.

Har yau ba a yi mini baftisma ba. Ranar Lahadi ina zama a bencin baya a coci, da safe kuma ina gindin tsamiya. In ka tambaye ni ta wane ɓangare ce ni, zan ce maka ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Bara da damina Inna ta rasu. Da aka gama makoki na fito da safe jiki a mace, ina tunanin yau ba hannun da zan riƙe. A gindin tsamiya na tarar da bokiti cike da ruwa. Thawin yana tsaye can gefe inda ya saba tsayawa, ya kau da kai kamar ba ruwansa.

Kofuna uku ya jera mini.