Kanya a Hannun Keke

Bari in fara da laifina, tunda ƙarami ne. Ranar da ƙungiyarmu ta masu hawa dutse da keke a garinmu Tsugano ta yi ƙuri'ar hana keken lantarki bin hanyoyinmu, ni ma na ɗaga hannu, alhali ina da guda a ɗakin ajiya, lulluɓe da tamfol. Gwiwoyina sun girme ni.

Da hantsin Lahadi aka tsinci Nagumo, malamin makaranta, kwance a kwanar gangare, wuyansa na zubar da jini. Wani ya ɗaure siririyar waya tsakanin bishiyoyi biyu, daidai maƙogwaro. Ya rayu. Ni kuwa hanyar da nake satar bi da keken lantarkina ke nan.

Sajan Hirayama, 'yar sanda marar yawan magana, ta auna sawun taya kusa da wayar. Sawun ya nufi sama, a tudun da ƙafar mutum ba ta iya tuƙawa, sai da batir. Ta fara bincike da tsohuwa Ebihara mai tsintar naman kaza a daji, wadda ke tsine wa duk mai keke. Yatsunta sun ƙandare, ba sa murɗa waya. Mai shagon kekuna kuwa yana bikin ƙanwarsa a birni a ranar, ga hotuna. Sai ta zo gidana, ta yaye tamfol. Tayar ta dace da sawun.

"Malam Usui, kai ma ka ɗaga hannu ranar ƙuri'a, ko?" ta ce da ni.

Na ce hannun ne ya ɗaga kansa. Ba ta yi dariya ba. Na hango kaina a kurkuku. Na rantse kwana goma ban taɓa keken ba.

Ta duba shi. An wanke shi tas, batir cike. A hannun keken an rataya busasshiyar kanya shida, a jan zare.

"Ka saba yi wa kanka kyauta?" ta ce.

Ba ma kulle ɗakin ajiya, kowa na aron kayan kowa. Amma ba a mayar da aro da datti, ba a mayar da shi hannu rabbana. A garin duka, gida ɗaya ne ke shanya kanya a jan zare: gidan Kashiwagi, shugaban ƙungiyarmu, wanda ya share shekara talatin yana gyara hanyar nan da fartanya.

Mun same shi yana shara. Hirayama ta ajiye kanyar a gabansa, ta ce an gan shi wajen kwasar bola ƙarfe bakwai na safiyar Lahadin, an sake ganinsa bakwai da rabi. Ɗan shekara saba'in ba ya hawa zuwa kwanar ya dawo cikin rabin awa da ƙafa.

Ya jingine tsintsiya. Ya ce tsoratar da masu batir kawai ya so yi, sun lalata masa hanya. Sannan ya juyo gare ni ya rusuna.

"Ka yi haƙuri, na ɗauka ban tambaya ba. Yana da daɗin hawa, la'ananne."

Na tambaye shi ko ni ya ɗana wa. Ya sake ɗaukar tsintsiyarsa.

Keken Nagumo dai na ƙafa ne, ba shi da batir.