Birkin Motar Abba

"Wata takwas!" Malam ya ce, yana nuna tampol ɗin da ya lulluɓe motar. "Wata takwas ba ki ɗaga wannan abin ba, amma duk sanda na yi maganar aurenmu sai ki ce sai an gama mota!"

"Kayan gyara nake jira..."

"Wane kaya? Faɗa min sunansa, yau ɗin nan in je in nemo miki."

Malam lissafi yake koyarwa a sakandare, bai san bambancin fulogi da noti ba, amma ƙarya kam yana gane ta tun daga nesa. Shekara uku muna tare, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai safiyar Asabar ɗin nan, a garejin gidanmu.

Ya sassauta murya. "An yi min canjin wurin aiki, masoyiyata. Ƙarshen wata mai zuwa zan tafi, kuma da matata nake so in tafi. In ba ki shirya ba, wallahi ba zan ƙara tambaya ba. Na gaji da zama kamar mai roƙo."

Na san shi sarai, in ya ce ba zai ƙara ba, to ba zai ƙara ba.

Motar ta Abba ce. Ta girme ni nesa ba kusa ba, koriya, mai zagayayyun fitilu da sitiyari mai faɗin tire. Ina aji uku na firamare ya jawo gawarta gida da igiya, babu gilashi, babu kujerar baya, maƙwabta suna ta dariya. Bakanike ne Abba. Duk mako yana ƙarƙashin motocin mutane, ranar hutunsa kuma ya shige ƙarƙashin tasa. Da yake ni kaɗai Allah ya ba su, shi da Umma, ni ce mai miƙa sifana. Tun ban iya karatu sosai ba na iya lambobin sifana.

Har yanzu gwangwanayen madararsa suna jere a kan kanta, kowanne da 'yar takarda da rubutunsa mai karkata: notin ƙofar hagu, notin fitila, "waɗannan ban san nasu ba". Rediyonsa na rataye a ƙusa. In na shigo da safe, warin man inji da tsohuwar fata yakan sa in ji kamar zan ga ƙafafunsa sun leƙo daga ƙasan mota, yana cewa, "'Yar gareji, ba ni sifana sha uku."

Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. A gadon asibiti na riƙe hannunsa na ce ba zan bar gidan nan ba sai na gama motar. Bai roƙe ni ba, dariya ma ya yi. Ni na ɗora wa kaina.

Shekarar farko na yi aiki kamar mahaukaciya. Na haɗa inji, na ja wayoyi, na kai kujeru aka ɗinke, na yi fenti. Ranar da injin ya tashi har rawa na taka ni kaɗai. Daga nan na sa sababbin bututun birki, na duba abin da ya rage, sai na ɗauko tampol na rufe ta.

"Babu kayan da nake jira," na ce wa Malam, idona a ƙasa. "Iska ce kawai za a cire daga birki. Aikin rabin awa ne."

"Rabin awa?!"

"Rabin awa."

"Kika ajiye ni wata takwas saboda rabin awa?"

"Aikin mutum biyu ne... ɗaya a ciki yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana buɗe noti. Da Abba za mu yi." Na dafa tampol ɗin. "Kuma in na gama, shi ke nan fa. Babu sauran abin da ya bar min in ƙarasa masa. Tsoro nake ji, Malam."

Sai ya cire agogonsa ya ajiye a kan kanta, ya naɗe hannun farar rigarsa.

"Ni ba Abba ba ne, rabin raina. Amma ina da ƙafa."

Dariya ta kuɓuce min, hawaye na zuba. Muka yaye tampol tare, ƙura ta turnuƙe mu.

Na zaunar da shi a kujerar direba na yi masa bayani dalla-dalla. In na ce taka, ya taka sau uku. In na ce riƙe, ya danne. Kada ya ɗaga sai na ce saki. Ya gyaɗa kai irin na ɗalibin da ya gane komai. Na shimfiɗa kwali na kwanta kusa da tayar baya.

"Taka! Riƙe!"

Na kwance noti, mai ya fito da kumfa. Kafin in ɗaure sai na ji ya ɗaga ƙafa.

"Wa ya ce ka saki?!"

"Nutsewa ya yi har ƙasa! Na ɗauka na karya wani abu!"

"Ai dama zai nutse! Yanzu ka mayar da iskar ciki!"

Muka sake. Ya sake ɗagawa. Mutumin da ke juya ɗalibai sittin a aji ya kasa juya ƙafarsa ɗaya! Da birkin ya nutse sai tausayi ya kama shi, wai kada ya ji wa motar Abba ciwo. A karo na huɗu na fara ihu har maƙwabta na iya ji.

"Taka! Riƙe! Riƙe na ce, don Allah!"

Daga inda nake kwance sai na hango silifas a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Silifas ɗin Umma.

Tun ranar da Abba ya rasu Umma ba ta taka garejin nan ba. Ko yana raye ma, tarkace take kiran motar, kullum cikin mitar baƙin mai a kayan wanki.

Malam ya fito da sauri ya durƙusa. "Ina kwana, Umma. Ki yi haƙuri, mun dame ki da hayaniya."

"Lafiya lau, ɗana. Matsa min nan."

Ta gyara mayafinta, ta cire silifas, ta shiga motar ta zauna a kujerar direba. Ta sa hannu ƙarƙashin kujera ta jawo ta gaba, ba ta ko laluba ba.

"Ke, da wace taya kika fara?"

"Ta baya... ta nesa da direba."

"Madalla. Kai kuma ɗana, tsaya wajen bonet da kwalbar man nan. In ka ga ya yi ƙasa ka ƙara, kada ka bari ya ƙafe."

Na leƙo da kaina. "Umma... a ina kika iya?"

"Kafin a haife ki wa kike tsammani yake taka masa? Shekara shida ina wannan aikin a motocin mutane, lokacin ba shi da kowa. Har da cikinki na taka birki." Ta share ido da gefen mayafi. "Da kika girma kika ƙwace min kujera, shi ne na koma mita. Koma ƙasa, ki kira."

Na koma. Na ɗauki sifana na kira.

"Taka... riƙe..."

Na kwance noti. Birkin ya nutse, ƙafar Umma ta bi shi har ƙasa ta tsaya cak. Na ɗaure.

"Saki."

Haka muka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Kumfa ta yi ta raguwa har man ya koma fita garau. A taya ta uku ma ba sai na kira ba, tana jin ƙarar sifana ta san abin yi. Malam na tsaye da kwalba kamar an ba shi amanar jariri, farar rigarsa ta tashi daga aiki.

Da na ɗaure notin ƙarshe, Umma ta taka sau biyu.

"Ya yi tauri," ta ce. "An gama."

Na fito na zauna a ƙasa, na fashe da kukan da na shekara biyu ina haɗiyewa. Umma ta miƙo hannu ta tagar motar ta dafa kaina.

"Ya isa, 'yar nan. Ina kallonki kina ɓuya a nan, na ƙyale ki don ni ma ɓuyan nake yi a ɗaki. Abbanki mota ya bar miki, bai bar miki ɗauri ba." Ta juya wajen Malam. "Ɗana, ka gaya wa manyanka su zo cikin makon nan."

"To, Umma... na gode, Allah ya ƙara girma." Ya dube ni. "Kin amince?"

"Na amince," na ce, ina share fuska da hannun da ya yi baƙi ƙirin. "Ka yafe min wata takwas ɗin."

"Na yafe, har da ihun yau."

Na miƙe na buɗe wa Umma ƙofa don ta fito. Ta girgiza kai, ta jawo ƙofar ta rufe a hankali, ta ɗora hannu biyu a kan sitiyari.

"Ku je," ta ce. "Ku bar ni da Abbanki kaɗan."